Tankin Kifinka Na Farko: Ƙirga Jarka Kafin Ka Ƙirga Riba

 Ga rubutaccen shirinmu na wanga mako, saboda waɗanda data ba ta barinsu su saurara, da masu cewa sun fi gane karatu.

Tambaya ɗaya ce ta yi ta maimaituwa cikin saƙonninku kwanan nan: "Ina so in ajiye kifi a gida, wane tanki zan fara saye?" Da na duba sai na ga masu tambayar kashi biyu ne. Akwai mai son akwatin gilashi a falo, da 'yan kifaye masu launi suna kai da kawo, ya dawo gida a gajiye ya zauna yana kallo. Akwai kuma wanda ya gama bautar ƙasa, aiki bai samu ba, ya tara 'yan kuɗi ko wani yaya ya tallafa masa, yana so ya sa tarwada a tsakar gida ya sayar bayan wata biyar ko shida. Na biyun sun fi yawa, kuma su ne kuɗinsu ke cikin haɗari, don haka a kansu zan fi daɗewa. Masu gilashi ku yi haƙuri, ina zuwa gare ku.

Abin da nake so ku riƙe tun yanzu shi ne, a garin nan ba kai ke zaɓen tanki ba. Ruwan gidanku ne ke zaɓe, sai zafin watan Afrilu ya sa hannu. Bidiyon da kake gani a TikTok da YouTube, galibi daga Legas ne, ko Ibadan, ko Indonesiya, inda ruwan sama ke zuba wata da watanni. Mu kuwa damina ce ta 'yan watanni, sauran shekara rani.

Mu fara da lissafin da ba a nunawa a bidiyo. Tankin da aka fi tallatawa masu farawa mai lita 1,000 ne. Jarkar da 'yan ga-ruwa ke turowa a kura, mu ce mai lita 25 ce. Kenan jarka 40 ke cika wanga tanki sau ɗaya. To kifi ba ya fita waje ya yi bayan gida. Inda yake ci, nan yake kashi, nan yake numfashi. Kashinsa da ragowar abincin da ya nutse su ke zama amoniya, ita kuma guba ce gare shi, tana ƙone masa wurin numfashi. Suna ƙanana za ka iya yin 'yan kwanaki ba ka taɓa ruwan ba. Da sun fara girma suna cin abinci da yawa, sai ka ga kullum ko bayan kwana biyu dole ka zubar da rabi ko fiye ka zuba sabo. Rabin tankin nan jarka 20 ne. Ka je ka tambayi mai ruwan unguwarku nawa yake sayar da jarka, ba yau ba, lokacin bazara da layi ya yi tsawo a bakin bohal. Ka ninka da 20, ka ninka da kwanakin wata uku na ƙarshe. In lissafin bai sa ka gumi ba, bismillah.

Shi ya sa in mutum ya ce mini wane tanki zai saya, nakan ce masa: gidanku akwai rijiya ko bohal? Tana ƙafewa da rani? Da mi kuke jawo ruwan, wutar gari ko sola ko janareta? In an yi kwana uku ba wuta, ina za ka samu ruwan canji? Wanda bai da amsar waɗannan, tankin da ya dace da shi ƙarami ne ƙwarai, na koyo, kifi 30 ko 50. Babu abin kunya a ciki.

Akwai wani abu da ke ruɗinmu mu 'yan Sakkwato. Mun taso muna ganin kifi. Ga Gulbin Rima, ga Kwalkwalawa kan hanyar jami'a, ga tafkin Kware, ga madatsar Goronyo. Ga maƙwabtanmu Argungu da bikin kamun kifinsu da ake yi tun 1934, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Sai mu ɗauka mun san kifi. Amma abin da Sarkawa suka gada su ne, ba kiwo ba. A gulbi ruwa ke canza kansa, kifi ya nemi abincinsa, in wuri ya yi zafi ya nutsa ƙasa ko ya koma inuwa. A cikin tanki duk wanga aiki ya dawo kanka.

Sannan ga labarin taurin ran tarwada. Gaskiya ne tana da wata gaɓa a cikin kanta da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa kake ganinta tana tasowa sama tana buɗe baki, shi ya sa kuma take daɗewa a daro a kasuwa ba ta mutu ba. Ba ta kai gaiwa ba dai, wadda ke binne kanta cikin laka ta wuce rani gaba ɗaya. Amma rashin mutuwa daban, girma daban. Tarwada a ruwa mai datti za ta rayu, sai dai ta rage ci, jikinta ya yi gyambo, gashin bakinta ya lalace, ka kai wata shida kana ciyar da kifin da bai kai rabin kilo ba. Wannan asara ta fi ta mutuwa ciwo, don a hankali take cinye ka.

Yanzu zafi. Kowa ya san daga Maris zuwa Mayu garin nan na haura digiri 40. Tarwada ta fi jin daɗi in ruwa na tsakanin digiri 26 zuwa 30. Kuma ruwa in ya yi zafi iskar oksijin da yake riƙewa raguwa take: a digiri 20 yana ɗaukar kusan miligiram 9 a kowace lita, a digiri 30 ya sauko wajen 7 da rabi, a 35 bai kai 7 ba. A daidai lokacin kuma jikin kifin ya fi buƙatarta, amoniyar ma ta fi dafi a ruwan ɗumi. Abu uku sun haɗu a wata ɗaya. Ka ɗauki baƙin tankin roba ka kafa shi tsakiyar rana a watan Afrilu, to farfesu ka ɗora, yaji kawai ya rage.

Don haka kafin ka je kasuwa, ka tsaya tsakar gidanku da ƙarfe biyu na rana ka ga ina inuwa take. Nan ne wurin tanki. In babu, kuɗin rumfa na cikin kuɗin tanki. Ni na fi son rumfar zana ko ta kara a kan ta kwano, don kwano in ya yi ƙasa-ƙasa shi kansa murhu ne. Ƙarƙashin dogon yaro ko mangwaro ma ya yi, amma ka shimfiɗa raga saboda ganye. Da hunturu kuma labarin juyawa yake. Daren Disamba da Janairu ruwa na yin sanyi, kifi ya rage ci, girma ya tsaya. Mai farawa sai ya ci gaba da watsa abinci kamar da, abincin ya nutse ya ruɓe. Lokacin nan a rage abinci, a rufa tankin da leda da dare, a bar kafar iska. Abin lura a nan, ƙaramin ruwa shi ya fi saurin ɗaukar zafi da saurin yin sanyi. Ruwa mai yawa ya fi natsuwa. Kenan ba a son tanki ya yi ƙanƙanta har ya zama baho, ba a kuma son ya fi ƙarfin rijiyarka. Tsakanin nan ne zaɓinka yake.

To wane iri? Abin da ake samu a nan roba ne, da tamfol, da siminti.

Na siminti ya fi ƙarko, ya fi riƙe sanyi, kuma in gidanku ne na gado ko ka mallaka, watarana can za ka ƙare. Amma ban ba mai farawa shawararsa ba. In magini bai iya ba zai tsage ya riƙa yoyo, sabon siminti kuma na sakin sinadarin da ke kashe kifi, sai an jiƙa shi da ruwa ana zubarwa kamar mako biyu. Babbar matsalarsa ita ce ba ya tashi. In ka gane ka gina shi a wurin da bai dace ba, ko ka gane kiwon ba naka ba ne, sai dai ya zama wurin ajiye tarkace. In kuwa gidan haya kake, kar ma ka fara.

Tamfol shi ne wanda ake ɗaurawa a jikin katako ko ƙarfe. Ya fi araha in ka kwatanta da yawan ruwan da yake ɗauka, ana naɗe shi a tashi da shi. Mai mita biyu tsawo, mita biyu faɗi, in ruwan ya kai mita ɗaya, lita 4,000 ke nan, jarka 160. Ka ji dai. Abokan gabansa rana ce, da ɓera, da gara in katako ne, da duk wani tsinin dutse a ƙasa. Rana tana cin tamfol ya bushe ya fara tsagewa daga wurin naɗi. A daidaita ƙasa, a zuba yashi mai laushi kafin a shimfiɗa.

Roba kuwa ita na fi ba wanda bai taɓa kiwo ba, saboda dalili ɗaya: in abin bai yiwu ba, ka wanke ta ka ci gaba da tara ruwa, ko ka sayar. Sai dai a kula da siffa. Dogon tankin ruwan gida mai ƙaramin baki bai dace ba yadda yake. Kifi faɗi yake so, don ta saman ruwa iska ke shiga, ta nan kuma tarwada ke tasowa ta shaƙa. Mai faɗi, zurfin ruwa kamar zuwa ƙugu, ya fi dogo siriri ko da litarsu ɗaya. Akwai kuma farar robar nan mai kusurwa huɗu cikin kejin ƙarfe, ta lita 1,000, da ake sayarwa ta hannu. Tana aiki in an yanke samanta, amma ka tambayi abin da aka taɓa zubawa ciki. Wasu kayan abinci suka ɗauko, wasu sinadaran masana'anta. In mai sayarwa ya fara kame-kame, bar masa kayansa.

Kowanne ka ɗauka, ka duba mafitar ruwa kafin komai. Bututu mai faɗi a can ƙasa, tankin ya ɗan karkata wajensa, yadda in ka buɗe dattin da ya kwanta zai fara fita. Tankin da sai da bokiti ake kwashe shi, mako biyu za ka yi da zumuɗi, na uku ka fara cewa gobe.

Ga kuma abin da masu tallar tanki ba sa faɗi: tankinka na farko tanki biyu ne. Tarwada na cin 'yar'uwarta. Ka zuba ɗari masu girma ɗaya, bayan mako biyu ko uku za ka ga wasu 'yan kaɗan sun yi wa saura fintinkau. Waɗannan in ba ka ware su ba, su za su riƙa haɗiye ƙananan da dare. Kai kana ƙirga ɗari a takarda, a ruwa saura saba'in, ba ka kuma taɓa ganin gawa ko ɗaya ba. Dole a riƙa tacewa, manya gefe, ƙanana gefe. Ina za ka kai su in tanki ɗaya gare ka? Don haka da ka sayi ƙato ɗaya, gara matsakaita biyu. Ranar da ciwo ya shiga ɗaya ma, ɗayan ya tsira.

Kifi nawa a lita 1,000? Za ka ji ana cewa ɗari uku, ɗari biyar. Masu yin haka ruwansu gudana yake dare da rana, ko suna da injin tacewa da wutar da ba ta yankewa. Kai da ke canza ruwa da hannu, shawarata kar ka wuce 50 zuwa 100 in so kake su kai girman sayarwa. Kuma zagayen farko ka sayi 'ya'yan da suka ɗan tasa, waɗanda suka wuce tsawon ɗan yatsa, ko da sun fi tsada. Ƙananan nan masu araha ba sa yafe kuskure.

Sai abinci, wanda shi ke cin kaso mafi girma na kuɗin kiwo, ya fi rabi nesa. Da abinci mai kyau da kulawa mai kyau, kifi na cin kilo ɗaya da ɗoriya kafin ya ƙara kilo ɗaya a jikinsa. Buhun abincin kifi galibi kilo 15 ne. Kifi 100 su kai kilo ɗaya-ɗaya, kana maganar buhu bakwai zuwa goma. Kifi 1,000, buhu 70 zuwa sama. Ka shiga shago ka tambayi kuɗin buhu ɗaya yau. Wanga shi ne inda matasa da yawa ke karyewa: an kashe jari a tanki da 'ya'yan kifi, a wata na uku kuɗin abinci ya ƙare daidai lokacin da kifin ya buɗe ciki. Sai a koma dusa da ragowar tuwo, ruwa ya lalace, a sayar da su ƙanana a wulaƙance. Girman tankinka kar ya wuce yawan buhunan da kake da kuɗinsu a hannu tun ranar farko.

A nan zan ɗan yi tsokaci, ku yi mini uzuri. Duk mai shirin tallafa wa matasa da kiwon kifi, gwamnati ce, ɗan siyasa ne ko ƙungiya, in abin da za ka bayar tamfol ne da 'ya'yan kifi a leda da hoto a Facebook, ba sana'a ka bayar ba, ɗawainiya ka bayar. Tamfol shi ne mafi arhar abin da ke cikin harkar. A tambayi yaro ina ruwansa, a haɗa shi da wanda ya iya, a tsaya masa kan abinci zuwa girbin farko. Mu kuma masu karɓa mu koyi tambaya kafin mu sa hannu.

Abu biyu na cikin gida da ba a cika tunawa ba. Na farko, ruwan da za ka zubar ina za shi? Ruwan tarwada na da ƙarni, kuma jarka 20 kullum ba wasa ba ne. Unguwanni irin Mabera da dama can suna fama da kwanciyar ruwa da damina, ka ƙara musu naka a lungu, ka tara wa yaran maƙwabta sauro, ƙarshenta sai gaban mai unguwa. Alhali ruwan nan taki ne. Ka ja shi zuwa gindin zogale, ko ayaba, ko 'yan kwamin alayyafo da yakuwa. Na biyu, kuma wanga ya fi komai: yara. Ruwan da ya kai ƙugun babba ya isa ya halaka yaro mai rarrafe ko mai tatata, cikin 'yan mintuna, ba tare da an ji ƙara ba. Raga mai ƙarfi a sama, a ɗaure, ko shinge mai ƙofa. Ragar za ta hana kifin tsalle, ta hana kyanwa da shirwa, amma don yara nake faɗa. Kuma lita ɗaya kilo ɗaya ce, tankin lita 1,000 tan guda ne. Masu tunanin ɗora shi a bene ko kan dakalin da ba a san ƙarfinsa ba, a sake tunani.

To masu akwatin gilashi, ga ni. Duk abin da na faɗa kan zafi ya shafe ku, har ya fi, don ruwanku kaɗan ne. Ƙaramar ƙwaryar gilashin nan mai kama da tulu da ake sa jan kifi ɗaya a ciki, ku rabu da ita. Jan kifin nan asalinsa daga Sin yake, kifin ruwan sanyi ne, yana girma sosai, yana kuma da yawan kashi. A ɗakin da fanka ta tsaya a watan Afrilu, kwanansa ƙirgagge ne. Ka auna akwati da santimita: tsawo sau faɗi sau zurfi, ka raba da 1,000, ka samu lita. Mai 60 da 30 da 30 lita 54 ne, kuma daga nan ya kamata mai farawa ya fara. Abin mamaki, babba ya fi ƙarami sauƙin kula. A aje shi nesa da taga, kan teburin da zai ɗauki nauyin buhun siminti da ƙari.

Ka zaɓi kifin da ya san zafi. Gofi da moli ƙanana ne, suna da juriya, suna haihuwa har ka rasa inda za ka kai su. Akwai beta, ɗan asalin Tailan, wanda shi ma yana shaƙar iska daga sama kamar tarwada, don haka ɗaukewar wuta ba ta firgita shi sosai. Amma maza biyu ba sa zama akwati ɗaya, faɗa za su yi har ɗaya ya mutu. Kuma kar ka cika akwati da kifi ranar da ka saye shi. A cikin filta akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke mai da amoniya abu mai sauƙin dafi, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawa. Ka fara da biyu ko uku, ka ƙara a hankali. Filtar nan da ɗan injin kumfa wuta suke so, don haka ka nemi ƙaramin inji mai caji, ko ka jona su a sola. Ruwan famfo a bar shi ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe saboda kulorin, na bohal ma a bar shi ya sha iska. Duk mako ka canza kashi ɗaya cikin huɗu, ba duka ba. Sabulu ko Omo kar su kusanci akwatin. In kuma ka gaji da su, ka ba wani, kar ka je ka juye kifin wata ƙasa cikin Rima.

Wanda ke son ya ji daga bakin masana, Jami'ar Usmanu Danfodiyo na da sashen nazarin kifi a tsangayar aikin gona, ga kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa, jihar Neja. Amma kafin nan akwai aikin da ba ya cin ko sisi. Ka nemi mai kiwo a unguwarku wanda ya yi aƙalla shekara biyu yana yi, ka roƙe shi ka riƙa zuwa kana taya shi canza ruwa da tace kifi na wata ɗaya. Sannan ka shiga Kasuwar Daji da safe, ka kuma zagaya wajen masu gashi da masu farfesu da yamma, ka tambaye su wane girma suke saye, a kilo ko a ƙirga, kuma wane wata kifi ya fi tsada. Daga amsarsu za ka ƙirgo baya ka san watan da za ka zuba naka.

Wanda ya riga ya fara, ya rubuto mana lita nawa ne tankinsa, kifi nawa ya zuba, nawa ya fitar, da inda yake samun ruwa. Da waɗanda suka ci riba da waɗanda suka ƙone, duka muna so, za mu karanta ba tare da ambaton suna ba.